Tukuicin Mai Gyaran Ɗaki a Otal: Nawa, Yaushe, a Hannun Wa?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa daga Kebbi da Zamfara sun karkata kan abu guda: ɗan alherin da baƙo kan yi wa mai share masa ɗaki a otal. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita masu tsawo, muka zauna da waɗanda suka san aikin masauki ciki da waje muka amsa.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Jega. Harka takan kai ni Birnin Kebbi da Gusau, in kwana biyu ko uku a otal. Tunda na biya kuɗin ɗaki, shin wajibi ne in ba mai shara wani abu? In kuwa zan bayar, nawa ya dace?

AMSA: Alhaji, ba wajibi ba ne. Kuɗin ɗakin da ka biya ya haɗa da shara da wanki, kuma babu wanda ke da ikon tare ka a ƙofa. Tukuici ne, irin wanda muka gada: an aiko yaro da akushi, ba a maido da shi hannu rabbana. Mu dai muna ganin ya dace ƙwarai, kuma ga dalilinmu.

Da ka fita kasuwa da safe, wani ya ƙwanƙwasa ƙofarka, ya shiga ya yaye labule, ya kwashe shara, ya cire zanin gado da rigunan matashi. Ya zuba maganin wanki a masai da wurin wanka ya bar shi ya jiƙa, ya dawo ya shimfiɗa sabon zani, ya ɗaga katifa ta kusurwa huɗu ya cusa bakinsa. Sannan ya bi ƙura daga sama zuwa ƙasa: fanka, kan talabijin, bakin taga, tebur. Da hunturu kuwa, ƙurar da aka goge da hantsi kafin la'asar ta sake kwantawa. Ya koma banɗaki ya durƙusa ya dirje, ya ɗauraye buta da bokiti, ya tsane ruwan alwalar da ya malale har bakin ƙofa, ya goge daɓe yana ja da baya har ya fice. Ɗakin da baƙo ya tashi daga ciki yakan ci minti 30 zuwa 45, wanda mai shi ke nan kuwa kamar rabin haka. A manyan otal-otal mutum ɗaya kan riƙe ɗaki 12 zuwa 16 a wuni. A ƙananan masaukai, inda ruwa ba ya hawa bene sai an tada janareto, shi ne kuma mai jido maka ruwa a bokiti, a zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi. Mai ɗaukar jaka ka gan shi, mai kawo abinci ka gan shi, maigadi ya ɗaga maka hannu, duk sun samu. Wanda ya wanke maka masai ne kaɗai ke aiki a bayan idonka, shi ya sa shi ake mantawa.

Batun adadi, ga abin da muke ba da shawara, a kowane dare: a ƙaramin masauki naira 500 zuwa 1,000, a matsakaicin otal 1,000 zuwa 2,000, a babban ɗaki mai falo 2,000 zuwa 5,000. In kana son ma'auni mai sauƙin riƙewa, ka ɗauki kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗakin: ɗakin naira 20,000, tukuicinsa 1,000. Ka ƙara idan aikin ya ƙaru: an ci tuwo da miya a kan gado, yara sun yi fitsarin kwance, wani ya yi amai, ko kun kwana ku huɗu a ɗakin mutum biyu kamar yadda ake yi lokacin bikin kamun kifi na Argungu, sa'ad da ɗakuna ke wuya har Birnin Kebbi. A irin wannan ka ninka. Kuma ka zaɓi takarda mai kyau. Yagaggiyar ɗari biyun da mai shayi ya ƙi karɓa ba ta zama kyauta don ka miƙa wa talaka.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar lafiya ce daga Zuru. Na yi kwana huɗu a wani otal a Birnin Kebbi wajen bita. Ranar tafiya na ajiye naira 3,000 a kan tebur don yarinyar da ke gyara mini ɗaki. Har yau ina waswasi ko ta samu. Yaya ya kamata in yi?

AMSA: Hajiya, Allah ya ba da ladan niyya, amma waswasinki yana da tushe. Abu uku ne ke iya shiga tsakanin kuɗin nan da yarinyar.

Na farko, ba lallai ita ce ke aiki ranar da kika tashi ba. Masu gyaran ɗaki karɓa-karɓa suke yi, suna da ranar hutu, kuma ana sauya musu hawa. Wadda ta yi miki kwana uku tana iya kasancewa a gida ran na huɗu, sai wadda ta zo sau ɗaya ta kwashe duka. Na biyu, a otal da yawa ba mai shara ke fara shiga ɗakin da aka bari ba. Tun kina resefshan kina miƙa makulli an tura wani ya duba tawul da rimot da abin da ke cikin firij. Idonsa ne zai fara sauka kan teburin. Na uku shi ne mafi muhimmanci: kuɗin da aka gani a ɗaki babu wata shaida a kansa, a dokar aikin, mantuwa ce. Yarinya mai amana za ta kai wa shugabarta a rubuta a littafin tsintuwa. In ta ɗauka kuma aka gani, sunanta ɓarauniya, alhali ke kyauta kika yi.

Don haka ki riƙa bayarwa kullum, hannu da hannu. Yawanci tsakanin ƙarfe tara na safe da azahar suna kan baranda da bokiti da mofa. Ki kira ta, ki miƙa mata a naɗe, ki faɗa da baki: "Ga wannan, naki ne, na gode da aiki." Wannan furucin shi ne kariyarta. Idan kina fita tun da sassafe ba ku haɗuwa, ki sa kuɗin a ambulan ko ki naɗe a takarda, ki rubuta a bayanta: "Tukuicin mai gyaran ɗaki, na gode," da lambar ɗaki da kwanan wata. Ki ƙara da Turanci a ƙasa, don ba kowace ke karanta Hausar boko ba. Ki ɗora a kan tebur ko a saman matashi inda ido zai gani. Kada ki rubuta a jikin takardar kuɗin, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana ɓata naira da rubutu. Kada kuma ki tura ƙarƙashin matashi: zanin gado dunƙule shi ake yi gaba ɗaya a jefa cikin kayan wanki, kuɗin ya tafi ya jiƙe, ko mai wanki ya tsinta.

Barin saƙo a resefshan shi ne na ƙarshe a jerinmu. In ya zama dole, ki tambayi sunan yarinyar tun ranar farko, ki rubuta shi a ambulan, ki liƙe.

TAMBAYA: Ina aikin gyaran ɗaki a wani masauki a Gusau. Baƙo ya tashi, na tarar da naira 5,000 a kan gado, ba takarda ba komai. Abokan aikina sun ce rabona ne. Ya halatta in riƙe?

AMSA: Ƙanwarmu, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya. Kada ki riƙe tukuna. Mai yiwuwa naki ne, mai yiwuwa kuma daga aljihun riga ya zubo. Ki lura da yadda kika same shi: kuɗin da aka jera a tsakiyar gado ko aka danne da kofi a tebur ya fi kama da kyauta, wanda ke cikin zani a cukurkuɗe, ko a ƙasa, ko a aljihun durowa, mantuwa ce. Amma kama ba ta zama hujja, kuma zato ba ya halatta dukiyar wani.

Ki bar shi inda yake, ki bar ƙofa a buɗe, ki kira shugaban sashenku ko manaja ya gani da idonsa. In kina da waya mai kyamara ki ɗauki hoto kafin a taɓa. A ƙirga a gabanki, a rubuta lambar ɗaki, kwanan wata, lokaci, adadi da sunanki, ku biyu ku sa hannu. Tsintuwar otal ta fi ta kan hanya sauƙi, domin mai ita sananne ne, lambar wayarsa tana cikin rajista. A kira shi a gabanki a tambaye shi ko ya bar wani abu a ɗaki, ba tare da an faɗa masa adadin ba. In ya ce na mai shara ne, ya zama naki halak malak, kuma babu wanda ke da hakkin gutsura. In ya ce mantuwa ce, a tura masa. Sau da yawa mai mutunci yakan ce a ba ki wani abu a ciki.

Ki kuma sani cewa wasu masu otal da wasu baƙi kan ajiye kuɗi da gangan don gwaji. Albashin wata da sunan gidanku sun fi dubu biyar nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: A rasit ɗin wani otal na ga an ƙara mini kashi 10 na kuɗin hidima da kashi 7.5 na VAT. Ashe ba na riga na biya tukuicin ke nan ba? Daga wani malamin makaranta a Ƙauran Namoda.

AMSA: Malam, kashi 7.5 ɗin haraji ne na gwamnati, haka yake tun watan Fabrairun 2020, babu kwabon ma'aikaci a ciki. Kashi 10 ɗin kuwa da sunan ma'aikata ake karɓar sa, amma asusun otal yake shiga, kuma yadda ake raba shi ya danganta da gidan. Akwai masu rabawa kowane ƙarshen wata har da masu shara da wanki, akwai masu cire kuɗin kofunan da suka fashe da tawul ɗin da suka ɓace kafin a raba, akwai inda ba ya fitowa sam. Ka tambayi mai gyaran ɗakin cikin sirri ko yana isa gare su. In ya ce yana isa, ka sauke nauyi, abin da ka ƙara ihsani ne. In ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ka samu amsarka.

TAMBAYA: Ni magidanci ne daga Talatar Mafara. Yawancin masu gyaran ɗakin da nake tararwa mata ne. Ina jin nauyin miƙa wa mace kuɗi a otal kada a fassara ni. Ko in nemi lambar asusunta in yi mata taransifa?

AMSA: Malam, nauyin da kake ji daidai ne, kuma ita abin ya fi shafa. Kai gobe ka tafi, ita ce za ta zauna da bakin abokan aiki, wataƙila maganar ta kai gidansu ko gidan mijinta. A garuruwanmu, inda ake sa ido kan abin da ke gudana a otal, ƙaramar magana tana iya raba mace da aikinta.

Taransifa ba ta magance wannan, ƙara shi take yi. A manhajoji irin su OPay lambar asusu ita ce lambar wayar mutum, ka ga neman asusunta neman lambarta ne. Ga cikakken sunanta ya fito a wayarka, naka ya fito a tata, ya zauna a can har ranar da wani zai tambaye ta wane ne wannan. Ban da haka, dubu ɗayan da ka tura sai ta je wurin mai POS ya yanki nasa.

Ka tanadi tsabar kuɗi ƙanana tun kafin ka sauka. Hanya mafi tsabta a gare ka ita ce ambulan mai rubutu a kan tebur, ka fita ka bar ta da aikinta. In za ka miƙa da hannu, to a baranda, a fili, inda mutane ke wucewa, da gajeriyar magana: "Baiwar Allah, ga wannan, an gode." In dattijuwa ce ka ce Inna ko Baba. Kada ka kira ta cikin ɗaki don ka ba ta, kada ka zauna a ciki tana aiki ƙofa a rufe, kada ka ja hira kan inda take zaune ko tana da aure. In kana tare da iyali, maiɗakinka ta miƙa.

TAMBAYA: Wani ya ce mini wannan kyauta 'yar'uwar cin hanci ce, tunda ana biyan su albashi. Wani kuma ya ce in cire daga zakkata. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibi a Yauri.

AMSA: Ɗan'uwa, mai maganar farko yana da abin da ya dogara da shi. Hadisi ya inganta cewa Annabi (SAW) ya aiki wani mutum karɓo zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya tsawatar, ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Daga nan malamai suka tsananta kan kyauta ga mai riƙe da amanar jama'a, kuma akwai waɗanda suka faɗaɗa hukuncin ga duk mai albashi. Da yawa kuma sun sauƙaƙa idan mai wurin ya sani ya yarda, aka bayar bayan aiki, ba a sayi wata alfarma da shi ba.

A aikace iyakar a bayyane take. Ka ba shi don ya gyara maka ɗaki da kyau, tukuici ne. Ka ba shi don ya shigo maka da baƙon da ba a rubuta ba, ko ya ƙyale ka ka wuce lokacin tashi ba da sanin resefshan ba, ko ya sato maka tawul da sabulu daga sito, wannan toshiyar baki ce, kuma in asiri ya tonu shi za a kora. In otal ya rubuta cewa ba a ba ma'aikatansa komai, ka mutunta dokar gidan, ka je ka yaba wa ma'aikacin a gaban manaja da sunansa.

Zakka kuwa hakkin rukunin mutane takwas ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, ba a biyan ladan hidima da ita. In ka tabbata mai sharar mabuƙaci ne, kana iya ba shi zakka da niyyarta daban don talaucinsa, tukuicin aikinsa kuma daban. Don ƙarin bayani kan halinka na musamman, ka zauna da malamin da ka amince da shi.

TAMBAYA: Ina da masauki mai ɗaki 18 a Birnin Kebbi, masu shara uku, mai wanki ɗaya. Rigima ta yi yawa kan abin da baƙi ke bayarwa. In sa akwati a resefshan a riƙa rabawa, ko in hana gaba ɗaya?

AMSA: Ranka ya daɗe, kada ka hana. Hani ba ya tsayar da kyautar, ɓoye ta kawai yake sa a yi, daga nan kuma ba ka iya bambance kyauta da sata. Tsari za ka yi, ka rubuta shi, ka karanta musu a zaune.

Abin da baƙo ya miƙa wa ma'aikaci a hannu, ko ya bari da rubutu, na wanda ya gyara ɗakin ne a ranar. Don kada a yi musu, ka riƙe takardar rabon ɗakuna ta kullum: wa ya yi ɗaki kaza, ran kaza. Ka riƙa juya su duk mako, domin in mutum ɗaya ya dawwama a manyan ɗakuna inda masu hannu da shuni ke sauka, nan gaba take farawa. Ka buga ƙananan ambulan ka ajiye a kowane ɗaki da gurbin suna da kwanan wata. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma suna kashe rabin rigimar. Kada a rubuta roƙo a jiki, baƙo ba ya son a matsa masa, kuma ka gargaɗi yaranka kan tsayawa a ƙofa ana sosa ƙeya.

Akwatin yana da amfani saboda mai wanki, wanda baƙo ba ya gani ko kaɗan. Ka sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunka ɗaya a hannun wanda ma'aikatan suka zaɓa, a buɗe ranar Juma'a ko ƙarshen wata a gaban kowa, a raba bisa kwanakin da kowa ya yi aiki. Kai da manaja ba ku da kaso. Kayan da baƙo ya bayar, sutura ko takalmi ko kilishi, a rubuta musu 'yar takarda da sa hannun resefshan, don kada maigadi ya tare su a ƙofa da zargi.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne ka riƙa lissafa tukuici cikin albashi, ka ce ai suna samu a wurin baƙi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma buhun shinkafa bai san wannan togaciyar ba, kuma umarnin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe bai ware ƙaramin masauki ba. Watan da baƙi suka yi ƙaranci, kamar tsakiyar damina, tukuici ɗaukewa yake yi cak, albashin ne kaɗai ke kai su gida.

Wata Hajiya daga Argungu ta haɗo da tambayar yadda ake yi a Makka da Madina, sai mu amsa mata a nan. Hajiya, can ma ba dole ba ne, amma ana yi kuma ana jin daɗinsa. Mafi yawan masu gyaran ɗakunan baƙin haure ne na aiki daga ƙasashe irin su Bangladesh da Indiya, masu aika abin da suka samu gida. Riyal 5 zuwa 10 a rana ya wadatar ga ɗaki ɗaya. In ku huɗu ne, ku yi karo-karo mutum ɗaya ta riƙa miƙawa. Ki canzo ƙananan takardu tun ranar farko, kada ki ba da naira don ba su da inda za su kashe ta. Ki ce "hadiyya, shukran" kina miƙawa, ya san kyauta ce. In tafiya ta kai wani Amurka, can an saba barin dala 1 zuwa 5 kowane dare tare da 'yar takarda. A Japan kuwa ba al'adarsu ba ce, kuɗin da aka bari a ɗaki mantuwa za su ɗauke shi su adana wa mai shi.